Sabon faifai a cikin tsohuwar kwamfuta mai haɗe da allo

Kwamfutar da zan yi magana a kanta irin wadda aka cusa injinta gaba ɗaya a bayan allonta ce, babu wani akwati daban da ake ajiyewa a ƙarƙashin tebur, kuma a ƙarshen shekarar 2012 aka ƙera ta. Allonta inci 23 ne, ƙwaƙwalwarta Core i5 ce ta zubi na uku, faifan da take adana bayanai kuwa irin mai juyawa ne da ake kira mai inci 3.5, yana ɗaukar terabait 1, yana kuma zagayawa sau 7200 a minti guda. Ta mahaifina ce. A cikinta yake rubuta wasiƙunsa da lissafinsa, a cikinta kuma hotunan iyali na fiye da shekara goma suke. Ya daɗe yana kukan ta yi nauyi, ni kuwa ina ɗora laifin a kan tsufa kawai, har ranar da na zauna a gabanta da kaina na ga abin da take yi.

Daga danna maɓallin kunnawa zuwa lokacin da za a iya buɗe wani abu sai da na jira kusan minti huɗu. Da na buɗe Task Manager, shafin Windows da ke nuna yawan aikin da kowane ɓangaren kwamfuta yake yi, sai na tarar ƙwaƙwalwar tana zaune kusan ba ta aikin komai, RAM ɗin ma, wato ma'ajiyarta ta wucin gadi, bai cika ba, amma layin faifai ya kafe a kan kashi 100 cikin 100, alhali abin da yake karantawa a daƙiƙa bai taka kara ya karya ba. Na kara kunnena a bayan allon, sai na ji wani ɗan sauti, ƙas, ƙas, sai shiru, sai ya sake, irin na hannun karatu na cikin faifai da ya je wuri ya kasa ɗauko abin da ke wurin ya koma ya sake gwadawa. Kowane faifai yana riƙe da rahoton lafiyarsa da kansa, wanda ake kira SMART, saboda haka na sa manhajar CrystalDiskInfo ta karanto mini shi. Ta nuna alamar gargaɗi ruwan ɗorawa, kuma layi biyu ne suka jawo hakan: mai lamba 05, wanda ke ƙirga gurabun ajiyar bayanai da suka lalace har faifan ya maye su da na ajiya, da mai lamba C5, wanda ke ƙirga gurabun da ya kasa karantawa bai kuma yanke hukunci a kansu ba tukuna. Na biyun ne ya fi tayar mini da hankali, domin kowane gurbi da ke cikin wannan lissafi yana iya kasancewa da wani yanki na takarda ko hoto a cikinsa.

A wannan daren ban nemi sukudireba ba, ban kuma shiga neman sabon faifai ba. Na jona faifan waje na fara kwashe fayiloli, kuma ban ɗauki komai a dunƙule ba, sai na bi su bisa muhimmancinsu, takardu da lissafi da farko, sannan hotuna, sannan sauran tarkacen da ko sun ɓata ana iya sake samun su. Dalilina shi ne faifan da ya fara ciwo ba a san saura awa nawa ya rage masa ba, kuma gara abin da ba shi da madadi ya fara tsira. A cikin jakar hotunan wata shekara kwafin ya tsaya cik, kwamfutar ta daskare na 'yan mintuna, sannan ta ce ba za ta iya karanta fayil ɗin ba. Hotuna uku ne suka yi haka. Na rubuta sunayensu a takarda, na tsallake su, na ci gaba.

Sai da ajiyar ko-ta-kwana ta kammala sannan na koma ga tambayar da ya kamata a amsa kafin a sayi komai, wato mene ne a cikin wannan kwamfuta, kuma ta ina ake shiga. Irin waɗannan kwamfutoci ba hanya ɗaya ake buɗe su ba. Akwai masu ɗan murfi a baya wanda noti ɗaya ko biyu ke riƙe da shi, faifan yana nan a ƙarƙashinsa. Akwai waɗanda sai an cire ƙafar da suke tsayawa a kai, sannan a ɓalle bayan gaba ɗaya. Akwai kuma waɗanda ta gaba ake shiga, kamar iMac, wanda a samfurin 2011 maganaɗisu ne ke riƙe da gilashin gabansa har ana ɗaga shi da robar tsotsa, a siraran samfuran da suka fara fitowa a 2012 kuwa da tef mai danƙo aka manne allon, sai an yanka shi sannan a sa sabo lokacin rufewa. A wasu samfuran ma, ciki har da iMac na 2011, faifan asali ne ke aika ma'aunin zafinsa zuwa ga babban allon lantarki, wato farantin da dukan kayan ciki ke jone da shi, ta yadda idan aka sa wani faifan daban fanka kan tashi da iyakar gudunta, sai an ƙara waya mai na'urar auna zafi ko a sa manhajar da ke sarrafa fankar. Na nemo littafin gyara na samfurin da ke hannuna ta lambar da ke manne a bayansa, na ga cewa tawa tana cikin rukuni na biyu, kuma babu maganar na'urar auna zafi a jikin faifanta.

Littafin ya kuma tabbatar mini da cewa mahaɗin faifai irin na SATA ne kawai a ciki, babu ramin M.2 irin na sababbin injuna, saboda haka siraran faifayan NVMe da suka cika kasuwa yanzu ba su da wurin zama a wannan injin. Abin da zai shiga shi ne SSD, wato faifan da ke adana bayanai ta lantarki ba tare da juyawa ba, mai inci 2.5 mai bakin SATA. Wani abin da na gano ya ɗan sanyaya mini gwiwa da farko: babban allon lantarkin an gina shi ne a kan Intel H61, wanda mahaɗansa SATA na biyu ne, masu gudun gigabit 3 a daƙiƙa. A aikace wannan yana tsayawa ne a wajen megabait 270 a daƙiƙa, alhali SSD ɗin da zan saya yana iya kaiwa kusan 550 idan ya sami SATA na uku. Kenan rabin ƙarfinsa kawai zan mora.

Da na zauna na yi lissafin sai na ga ba a nan gizo ke saƙar ba. Faifan da ke zagayawa sau 7200 a minti yana kammala zagaye ɗaya a cikin milisakan 8.3, don haka a matsakaici sai hannun karatu ya jira rabin wannan, wato kimanin milisakan 4, kafin gurbin da ake nema ya zagayo ƙarƙashinsa, ban da lokacin da shi kansa hannun ke ɗauka kafin ya matsa zuwa layin da ya dace, wanda kan kai milisakan 8 ko 9. Idan aka haɗa, faifan lafiyayye ma ba ya iya ɗauko ƙananan guntaye a warwatse fiye da kimanin ɗari a daƙiƙa. SSD ba shi da abin da ke motsi, amsarsa tana zuwa a cikin kimanin kashi ɗaya bisa goma na milisakan. Tashin Windows da buɗe manhajoji kuwa ba karatun babban fayil guda ba ne, tsintar dubban ƙananan fayiloli ne daga wurare dabam-dabam. A irin wannan aiki jiran da ake yi kafin amsa ta zo shi ne ke cin lokaci, kuma tsohon mahaɗi ba ya ƙara wa wannan jira wani abin a zo a gani. A ganina duk wanda ya fasa wannan gyara don kawai injinsa SATA na biyu ne, bai duba lambar da ta kamata ya duba ba.

Kuskurena na farko a kan girman faifai ne. Abin da ke cikin tsohon bai wuce gigabait 300 ba, sai na yi niyyar sayen mai gigabait 500, wanda Windows ke nunawa a matsayin 465 saboda masu ƙerawa suna ƙirga da dubu-dubu ita kuwa tana ƙirga da 1024. Amma manhajar kwafin da na zaɓa, Clonezilla, a tsarinta na asali tana buƙatar faifan da za a kwafa a kai ya kai girman na asali ko ya fi shi, saboda haka sai an fara rage girman babban sashen tsohon faifan. Na kashe barcin adana aiki da umarnin powercfg /h off, na fara neman Windows ta tsuke sashen, sai ta ƙi sauka ƙasa da wani mataki saboda akwai fayilolin da ba sa matsuwa daga inda suke. Ina cikin laluben yadda zan kawar da su sai na ji ƙas ɗin nan ya yawaita, a nan na dawo cikin hayyacina. Tsuke sashe yana nufin kwashe bayanai daga wuri zuwa wuri a kan faifan da da ƙyar yake karanta abin da ke kansa, kuma wannan shi ne garin neman gira a rasa ido. Na dakata, na sayi SSD mai terabait 1 cikakke. Na kula ban ɗauki mai gigabait 960 ba, domin a ido kusan ɗaya suke, amma wannan ɗan giɓin ya isa ya mayar da ni kan matsalar da nake gudu.

Akwai masu cewa kada a kwafi faifan da ya fara lalacewa, gara a ɗora sabuwar Windows a kan sabon faifai a mayar da fayiloli, kuma maganarsu tana da hujja. Ni dai na zaɓi kwafi ne saboda akwai tsofaffin manhajoji a ciki da ba ni da faifan ɗora su yanzu, sannan mahaifina ya saba da komai a inda ya ajiye shi, kuma tun da fayilolin sun riga sun tsira, idan kwafin bai yi ba babu abin da zan yi asara sai lokaci.

Na jona SSD ɗin da ƙaramar waya mai bakin SATA a gefe ɗaya da USB a ɗaya gefen, na tayar da kwamfutar daga filashin da na ɗora wa Clonezilla. A nan ne na fi yin taka-tsantsan a duk aikin. Manhajar ba ta san faifan C ba, sunayen da take bayarwa su ne sda da sdb, kuma da yake faifayan biyu girmansu ɗaya, girma ba zai raba mini gardama ba. Wanda ya juya su, ya sa sabon a matsayin tushe, to zai shafe tsohon faifansa da babu komai, kuma babu maɓallin dawowa. Na rubuta lambar samfurin kowanne a takarda, na gwada su harafi bayan harafi da abin da ke kan allo, manhajar ta tambaye ni sau biyu ko na tabbata, ni ma na duba sau biyu. Gwajin farko ya tsaya a tsakiya da ya ci karo da gurbin da ba ya karantuwa. Na sake farawa, wannan karon ta hanyar ƙwararru, na kunna zaɓin ceto, wanda ke sa ta tsallake gurbin da ya gagara ta ci gaba da na gaba. Ramin da na jona wayar USB 2.0 ne, wanda gudunsa a aikace bai cika wuce megabait 30 da ɗoriya a daƙiƙa ba, don haka gigabait 300 na buƙatar kusan awa uku ko da faifan lafiya lau yake. Nawa ya haura haka sosai, domin a kan kowane mugun gurbi sai ya tsaya ya yi ta fama kafin ya haƙura.

Washegari na shimfiɗa tawul mai kauri a kan tebur, na zare dukan wayoyi, na danne maɓallin kunnawa na 'yan daƙiƙu don sauran wutar da ke ciki ta fita, sannan na kifar da kwamfutar a kan fuskarta. Tawa tana da akwatin wuta a waje, a jikin wayarta, abin da ya rage mini fargaba. Waɗanda sashen wutarsu ke ciki kuwa akwai kayan da ke riƙe caji ko bayan an cire fulogi, kuma ba a kai hannu wurin. Na cire ƙafar, na kwance notunan baya, kowanne na ɗora shi a kan takardar da na zana hoton bayan kwamfutar, daidai inda na ciro shi, saboda tsawonsu ba ɗaya ba ne, kuma dogon noti a gurbin gajere yana iya huda abin da ke ƙarƙashinsa. Daga nan na zura tsohon katin roba a tsakanin murfin da jikin allon, ina bi a hankali, ƙugiyoyin roba suna saki ɗaya bayan ɗaya da ɗan sauti. A kusurwa ɗaya murfin ya ƙi tashi. Maimakon in tsaya in tambayi kaina dalili, sai na ƙara ƙarfi, na ji ɓas, ƙugiya ɗaya ta karye. Ashe akwai noti ɓoye a ƙarƙashin wani ɗan murfin roba kusa da na'urar DVD, kuma yana nan a zane cikin littafin gyaran, a shafin da na wuce da sauri.

Abin da na fara gani da murfin ya tashi ƙura ce, ta yi kamar bargo a bakin ƙarfen da ke fitar da zafi. Na ɗauki hoton ciki da waya kafin na taɓa komai, na dafa ƙarfen jikin injin don lantarkin da jiki ke tarawa ya sauka, sannan na danne fankar da yatsa na hure ƙurar, domin iska mai ƙarfi tana iya juya fanka fiye da gudun da aka yi ta dominsa. Faifan yana cikin wani keji na ƙarfe da noti ɗaya ke riƙe da shi. Da aka kwance notin sai a ja kejin gefe, ya zare daga mahaɗinsa, a ɗago shi.

Wannan zarewar ita ce ta tona kuskurena na biyu, kuma shi ne ya fi cin lokaci. A kwamfutar tebur ta yau da kullum wayoyin SATA a sake suke, ana lanƙwasa su a kai su duk inda faifai yake. A nan kuwa mahaɗin, mai ƙafafu 7 na bayanai da 15 na wuta, a ɗaure yake da jikin injin, ba ya matsawa ko kaɗan, faifan ne ke zuwa ya same shi. Faifai mai inci 3.5 faɗin jikinsa ya ɗan haura milimita 101, na mai inci 2.5 kuwa kusan milimita 70 ne, kaurin SSD ɗin kuma milimita 7 kacal. Farantin ƙarfen da na saya don cike wannan bambanci yana zaunar da SSD ɗin ne a tsakiya, saboda haka da na ɗaura shi na zura kejin, bakin faifan ya wuce ta gefen mahaɗin da kusan faɗin yatsa, bai ma yi daidai da shi a tsayi ba. Na juya shi ta kowace fuska, bai yiwu ba. Zuciyata ta raya mini in soka SSD ɗin kai tsaye a mahaɗin in manne shi da tef, tun da ba shi da nauyi kuma babu abin da ke juyawa a cikinsa, kuma na san mutane da yawa suna yin haka. Abin da ya hana ni shi ne wannan injin a tsaye yake aiki, cikinsa yana ɗumi, danƙon tef kuwa yana saki idan ya daɗe a zafi, kuma ranar da ya saki nauyin faifan zai koma kan siririn bakin roba na mahaɗin, wanda idan ya karye gyaransa ya fi duk wannan aiki wuya.

Na nemi irin mazaunin da aka yi shi da siffar faifai mai inci 3.5 sak, wanda ke kai bakin SATA daidai kusurwar da na babban faifai yake, da ramukan noti a inda kejin ke tsammaninsu. Kwana huɗu kwamfutar ta yi a kife, na lulluɓe ta da ƙyalle, kafin ya iso. Wajen ɗaurawa na lura da abin da ke rikita mutane da yawa: notunan babban faifai masu zaren 6-32 ne, na ƙaramin kuwa M3 ne, sun fi siranta, kuma wanda ya tilasta na farko a ramin na biyu zai cinye zaren. Na ɗaure SSD ɗin a mazauninsa da ƙananan, na ɗaure mazaunin a keji da notunan asali tare da robobinsu na rage girgiza, ko da yake yanzu babu girgizar da za su rage. Wannan karon kejin ya zame ya shiga mahaɗin ba tare da na matsa ba.

Tun da na riga na buɗe, sai na ce bari in canja ƙaramin batirin nan mai kama da kwabo, CR2032 mai bolt 3, wanda ke riƙe agogo da saitin BIOS, wato manhajar cikin injin da ke fara tashi kafin Windows, domin ya haura shekara goma a wurin. Na canja shi, na ɗora murfin ba tare da na danna ƙugiyoyin ba, na tayar da kwamfutar a tsaye na kunna ta. Baƙin allo ne ya fito da rubutu guda, cewa ba a sami faifan da za a tashi daga kansa ba. Gabana ya faɗi, na ɗauka dogon kwafin nan ne ya tashi a banza, har na fara tunanin sake buɗewa in duba mahaɗi. Kafin haka dai na shiga BIOS, sai ga sunan SSD ɗin a rubuce da cikakken girmansa, alamar cewa wuta da bayanai duk suna isa gare shi. Kwanan watan da ke saman shafin kuwa ya koma shekarun baya, kuma shi ne ya tuna mini abin da na yi.

Cire batirin ya mayar da saitin gaba ɗaya yadda ya fito daga masana'anta. Injin ya zo ne da Windows 8, wato an saita shi ya tashi ta sabuwar hanya mai suna UEFI tare da matakin tsaro na Secure Boot. Shekaru da suka wuce ni da kaina na sake ɗora masa Windows ta tsohuwar hanya, a kan faifai mai tsohon tsarin raba sassa da ake kira MBR, na canja saitin don hakan ya yiwu, na kuma manta sarai. Kwafin ya ɗauko tsarin MBR ɗin yadda yake, UEFI zalla kuwa ba ta bin layin tashi na tsohuwar hanya, fayilolin tashi irin nata take nema, waɗanda babu su a wannan faifai. Na kashe Secure Boot, na kunna tsohuwar hanyar tashi, na tabbatar yanayin SATA yana kan AHCI kamar da, domin canja shi bayan an ɗora Windows kan jawo shuɗin allo na kuskure, na gyara agogo, na adana. Tambarin Windows ya bayyana, kafin in gyara zama an kai ni shafin shiga. Da na ɗauki hoton shafukan BIOS kafin na cire batirin, da ban sha wannan firgita ba. Windows 10 tana da kayan aiki mai suna MBR2GPT da ke juya faifai zuwa sabon tsari ba tare da shafe shi ba, amma ban ga dalilin taɓa abin da ke aiki ba, tun da iyakar MBR terabait 2 ce, faifan kuwa bai kai can ba.

Sai da na ga ta tashi sau uku a jere sannan na danna ƙugiyoyin na mayar da notuna. Kusurwar da na karya ta ɗan buɗe kamar kaurin farce, ba a lura da ita sai an shafa.

Da yake daga majinyacin faifai aka yi kwafin, ban yarda da shi haka kawai ba. Na sa chkdsk ya duba tsarin fayiloli, sannan sfc /scannow ya duba fayilolin Windows kanta, ya sami 'yan kaɗan da suka lalace ya gyara su. Na duba ko TRIM yana aiki, wato saƙon da Windows ke aika wa SSD don ya san gurabun da aka goge ya share su tun kafin a buƙace su, ta umarnin fsutil behavior query DisableDeleteNotify, amsar ta fito 0, ma'ana a kunne yake. Na kuma duba inda sashen farko ya fara, na ga bait 1048576, lambar da ke rabuwa da 4096 ba saura, wato sassan sun zauna daidai kan iyakokin da SSD ke rubutu a kansu. Lasisin Windows bai motsa ba, domin da babban allon lantarki aka ɗaure shi, ba da faifai ba. Gwajin gudu ya tsaya a inda na yi tsammani, ɗan ƙasa da megabait 280, amma tashin da ke cin minti huɗu ya dawo ƙasa da rabin minti, layin faifai a Task Manager kuma yakan yi tsalle ya sauko nan take.

Akwai abin da sabon faifai bai canja ba. Ƙwaƙwalwar tana nan ta 2012, shafukan intanet masu nauyi har yanzu suna sa fankar ta ɗaga murya. Microsoft ta sa 14 ga Oktoba 2025 a matsayin ranar ƙarshen tallafin Windows 10, Windows 11 kuwa tana neman na'urar tsaro ta TPM 2.0 da ƙwaƙwalwar Intel ta zubi na takwas zuwa sama, kuma wannan injin bai cika ko ɗaya ba. Nan gaba ko dai a ɗora masa Linux a madadin Windows ko a rage abin da yake yi a intanet, SSD ɗin kuma ana iya cire shi a kai wani injin duk ranar da aka ga dama.

Da mahaifina ya zauna a gabanta sai ya kara kunne, ya ce, "Ka tabbata a kunne take? Ban ji wannan ƙarar tata ba." Na ce, "A kunne take, Baba, abin da ke ƙarar ne na cire." Ya buɗe jakar hotuna, ya yi ta gangarawa, a nan na gaya masa maganar hotuna ukun.

Saboda su na sake komawa kan tsohon faifan. Ƙaramar wayar da na yi kwafi da ita ba ta iya juya shi ba, domin babban faifai yana buƙatar bolt 12 ban da bolt 5 ɗin da USB ke bayarwa, sai da na samo mazauni mai nasa fulogin. Da na jona shi Windows ta ƙi buɗe shi, saboda kwafin ya sa faifayan biyu suna ɗauke da lambar shaida iri ɗaya, ni kuma ban tilasta mata ba. Na tayar da injin daga filashin Linux, na sa ddrescue, wanda ke fara kwashe wuraren da ke karantuwa sannan ya dawo ya yi ta gwada masu gardama, na bar shi ya kwana yana aiki. Da safe hoto ɗaya ya dawo cikakke, ɗaya ya ƙi buɗuwa sam, na ukun kuwa ya buɗe daga sama zuwa kafaɗun mutanen da ke ciki, daga nan zuwa ƙasa toka-toka ne. Na kwafe shi a haka na sa a jakarsa, na zura tsohon faifan a leda, na rubuta kwanan wata a jiki na ajiye a aljihun tebur.